Yadda za ka gano layin da aka canza a jerin ƙungiya da TortoiseGit, ko babu data

Bara wajen rabon taki wani baffanmu ya tsare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ce, "Kai ɗan nan, buhu uku na karɓa, ya aka yi takardarku ta ce biyar?" Na ce Baffa a yi haƙuri bari in duba. Ni ne mai riƙe da laftof ɗin ƙungiyarmu ta manoman rani a nan ƙasar Auyo, ba don na fi kowa ba, kawai na taɓa zama a shagon kwamfuta a Haɗeja ne na wata takwas shi ke nan aka ɗora mini. Na koma gida na buɗe folda sai na tarar da fayil shida, jerin taki, jerin taki sabo, jerin taki gyararre, na ƙarshe, na ƙarshe 2, da wani wai na ƙarshe na gaske, kuma ni da hannuna na raɗa musu sunayen nan amma wallahi ban san wanne ya riga wanne ba. Na yi ta bin layi da yatsa har batir ya mutu. Maganar ba ta warware ba sai da shugaba ya ce a bar shi a ukun da ya faɗa tunda dattijo ne, amma har yau ban san ina buhu biyun suka shiga a lissafi ba.

Da ƙanena mai karatun kwamfuta a Dutse ya zo hutu ya ga foldar nan sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya sa mini abu biyu, Git da TortoiseGit. Git manhaja ce da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don masu aikin Linux su riƙa bin sawun duk wani canji da aka yi a fayilolinsu, asalinta a baƙin allo ake buga mata umarni, shi kuma TortoiseGit riga ce da aka sa mata a Windows don irinmu, komai da maus. Tambarinsa kunkuru ne, amma bai da nawa ko kaɗan. Duk kyauta ne, kuma abin da ya fi yi mini daɗi shi ne bayan ka sa su ba sa neman intanet, komai a cikin kwamfutarka yake faruwa. Mutane da yawa suna ɗauka Git da GitHub abu ɗaya ne, a'a, GitHub shafi ne a intanet da ake ajiye aiki, mu babu ruwanmu da shi a nan, kuma jerin da ke ɗauke da lambobin wayar mutane bai kamata ma ka kai shi can ba.

Farkon abu ka samu wuri mai sabis ko ka ba wani filas ya sauko maka da Git for Windows da TortoiseGit, ka duba kwamfutarka 64-bit ce ko 32-bit kafin ka aika, don kada a kawo maka wanda ba zai shiga ba ka yi asarar kuɗin mashin. Git za ka fara sawa, ka yi ta danna Next ka bar komai yadda ka same shi, har shafin da yake tambaya kan ƙarshen layi kada ka taɓa, za mu dawo kansa. Sannan ka sa TortoiseGit, a ƙarshe zai buɗe maka ɗan shafin saiti ya tambaye ka suna da imel, ka sa sunanka, imel ɗin ba wasiƙa zai aika ba lakabi ne kawai da yake liƙawa a jikin aikinka. Ka kashe kwamfutar ka kunna. TortoiseGit ba irin manhajar da za ka nema a Start ka buɗe ba ce, ni sai da na ɓata rabin awa ina nemansa, ashe a cikin danna dama yake zaune, wato ka shiga folda ka danna ɓangaren dama na maus sai ka ga sunansa a jerin da ya fito. Idan Windows 11 ce kuma ba ka gan shi ba, ka danna Show more options.

Yanzu ka yi sabuwar folda, misali ƙungiya, a cikin kwamfutar kanta ba a filas ba. Ka shiga, danna dama, ka zaɓi Git Create repository here, ƙaramin akwati zai fito da wani wuri da aka rubuta Make it Bare, kada ka sa masa alama, OK kawai. Zai ƙirƙiri ɓoyayyar folda mai suna .git a ciki, wannan ita ce rumbun, duk tarihin da za ka tara a nan yake kwana, ranar da ka goge ta tarihi ya tafi gaba ɗaya ko da fayilolinka suna nan.

Kafin ka zuba fayil ka tsaya ka ji wannan don a nan mutane suke yin kuskure. Kwatanta fayil layi da layi yana tafiya daidai ne da tsuran rubutu, irin txt da csv. Fayil ɗin Excel mai xlsx da na Word mai docx a zahiri ƙunshi ne a matse kamar zip, Git zai ajiye su kuma zai san sun canza, amma ba zai iya ce maka layi kaza ne ba. Don haka jerin da ake rigima a kansa, na bashin taki da na biyan shanshara bayan girbi, ka yi Save As ka zaɓi CSV UTF-8. Wannan UTF-8 ɗin ba ado ba ne, idan ka zaɓi CSV ɗin da babu shi duk ƙ da ɗ da ɓ ɗinka za su koma alamar tambaya, ka ga unguwar Ƙofar Gabas ta zama ?ofar Gabas. Tsohon Excel bai da wannan zaɓin, idan irinsa gare ka LibreOffice Calc yana yi. Kuma ka ba kowane memba lamba ka sa ta a farkon layi, mutum ɗaya layi ɗaya, kamar haka:

047,Unguwar Gabas,NPK,3,Yuriya,1

A ƙauyenmu masu suna iri ɗaya har da sunan uba sun fi biyar, lambar nan ce take raba gardama.

Ka sa fayil ɗin a foldar, sunansa ɗaya tak har abada, bashin_taki.csv, babu sabo babu na ƙarshe. Danna dama a fili cikin foldar ka zaɓi Git Commit, babban akwati zai buɗe, sama wurin rubuta bayani ne ƙasa kuma jerin fayiloli, sabon fayil sai ka sa masa alama da kanka, idan ba ka gan shi ba ka duba ko Show Unversioned Files yana da alama. Ka rubuta bayani ka danna Commit. Wannan shi ake kira komit, kamar ka ɗauki hoton yadda fayil yake a wannan lokacin ka jefa a rumbu. Yin sebin daban komit daban, sebin yana taka tsohon rubutu ya wuce, komit ne yake ajiye shi. Wurin bayanin nan kada ka rubuta "gyara" ko "aiki", bayan wata uku za ka ga gyara goma sha biyu a jere ba ka san ko ɗaya ba. Ka rubuta abin da ya faru da bakin da za ka faɗa wa ma'aji, "ƙarin buhu biyu na NPK ga lamba 048, shugaba ya amince", kuma duk abu ɗaya komit ɗaya, kada ka tara aikin sati ka zuba a komit guda don kwatancen zai zo maka a cakuɗe. Bayan komit za ka ga koriyar alama a jikin fayil ɗin, da ka taɓa shi ka yi sebin sai ta koma ja mai alamar motsin rai. Wasu kwamfutocin alamomin ba sa fitowa saboda Windows guraben irin wannan alama 15 kawai gare ta kuma OneDrive da ire-irensa sukan cinye, wannan ba ya hana komai aiki.

To yanzu kwatancen kansa. Iri uku ne nake amfani da su, kuma sanin wanda kake buƙata shi ne rabin aikin.

Na farko, ka yi gyara yau ba ka yi komit ba tukuna kana so ka ga me hannunka ya taɓa. Danna dama a kan fayil, TortoiseGit, Diff. Ni wannan ya zama mini kamar alwala kafin sallah, ba na komit sai na yi shi, don a nan kake kama kuskure tun bai shiga rumbu ba. Ko a cikin akwatin komit ɗin ma idan ka danna sunan fayil sau biyu shi zai buɗe maka. Idan fayiloli da yawa ka taɓa, danna dama a foldar ka zaɓi Check for modifications ya jero maka su. Na biyu, Diff with previous version, shi kuma yana haɗa abin da ke hannunka da ajiyar da ta gabata, amfaninsa idan ka riga ka yi komit sai zuciyarka ta ce anya.

Na ukun shi ne na ranar rigima, lokacin da kake so ka haɗa jerin ranar rabo da na yau alhali an yi komit ashirin a tsakani. Danna dama a kan fayil, TortoiseGit, Show log. Shafin kashi uku ne, sama jerin komit sabo a kan tsoho da bayani da suna da kwanan wata, tsakiya cikakken bayanin wanda ka zaɓa tare da wata doguwar lamba mai harafi 40 da ake ce wa SHA-1, ita ce shaidar wannan komit ɗin ba ta haɗuwa da ta wani, ƙasa kuma fayilolin da aka taɓa da yawan layin da aka ƙara da wanda aka cire. Ka danna komit ɗin ranar rabo sau ɗaya, ka riƙe Ctrl a kibod, ka danna ɗayan, su biyun su yi duhu, sannan ka danna dama a kan ɗaya daga ciki ka zaɓi Compare revisions. Ctrl fa ba Shift ba, Shift yana kwashe duk na tsakani ne. Idan daga folda ka buɗe tarihin ba daga fayil ɗaya ba, zai fara nuna maka jerin fayilolin da suka bambanta sai ka danna wanda kake so sau biyu, kuma a saman wannan jerin akwai maɓallin juya kwatancen, wane ne tushe wane ne sabo. Idan kuma komit ɗaya kake so ka haɗa da abin da ke foldarka yanzu, ka zaɓe shi shi kaɗai ka danna Compare with working tree.

Abin da zai buɗe sunansa TortoiseGitMerge, allo rabe biyu. Kafin ka kalli komai ka ɗaga ido ka karanta kan kowane ɓangare. A al'ada tsoho yana hagu sabo yana dama, amma tunda ana iya juyawa kada ka dogara da al'ada, saman kowane ɓangare yana ɗauke da sunan fayil da guntun lambar komit ɗin, ko a rubuta Working Tree idan wanda ke foldarka ne. Ka koma tarihin ka tabbatar wace lamba ce ta wace rana. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, in ka karanta a juye za ka je gaban jama'a ka ce an rage wa mutum bashi alhali ƙara masa aka yi, kuma ka san maganar da aka faɗa a gindin bishiya ba ta komawa ciki.

Layin da ba a taɓa ba fari yake, wanda aka taɓa yana da launi, amma ni ba na bin launi don ana iya canza shi a saiti, ga shi kuma idan kana zaune a rumfa da rana sikirin ɗin tsohuwar laftof duk launukan ɗaya suke zama. Ƙananan alamomin gefen lambar layi nake bi, alamar tarawa layi ya shigo, alamar ɗebewa layi ya fita. Layin da aka gyara zai fito a duka biyun, a hagu yadda yake da, a dama yadda ya koma, kuma a cikin layin ainihin harafin da ya canza yana da nasa launin daban. A can ƙasa akwai wani siririn wuri da yake ɗora layin hagu a kan na dama, ɗaya bisa ɗaya, duk layin da ka kai maus kansa, wannan wurin ne ya fi komai amfani a csv don 3 da 5 a tsakiyar waƙafi biyar ido yana tsallake su. A gefen hagu kuma akwai dogon sanda mai ɗigo-ɗigon launi, taswirar fayil ɗin ce gaba ɗaya, ɗigo biyu canji biyu ke nan. Kada ka tsaya jan maus daga sama har ƙasa, Ctrl da kibiyar ƙasa yana kai ka canji na gaba, Ctrl da kibiyar sama ya dawo da kai. Ctrl da L yana naɗe layukan da ba su canza ba ya bar maka masu magana kawai, Ctrl da D kuma yana haɗe ɓangarorin biyu su zama ɗaya, ga mai ƙaramin sikirin wannan ya fi sauƙin karatu.

Bana abin ya sake faruwa, da baffan nan dai kuwa, lamba 047. Ya aiko jikansa cewa an karanta masa buhu biyar a taro. Na buɗe tarihi na haɗa komit ɗin ranar rabo da na ƙarshe, naɗe layuka, sai ga layinsa, hagu 3 dama 5. Daga nan na koma tarihin ina danna komit ɗaya bayan ɗaya ina buɗe fayil ɗin a kashin ƙasa, a na huɗu na same shi, bayanin da na rubuta da hannuna yana cewa ƙarin buhu biyu ga lamba 048, amma layin da ya canza na 047 ne, na 048 yana nan yadda yake. Ni ne na zame layi ɗaya, kuma ranar ban yi Diff kafin komit ba don ana kiran magariba ina sauri. Na ɗauki laftof na same shi a zaure na ce Baffa laifina ne ga shi nan, ya leƙa ya ce shi ba ya ganin komai a madubin nan amma tunda ka ce kai ne shi ke nan, Allah ya yi maka albarka, je ka gyara. Ka lura kwatancen shi kaɗai abin da ya nuna shi ne 3 ta koma 5, bayanin komit ne ya nuna inda buhu biyun ya kamata su je.

Akwai gajeriyar hanya da na koya daga baya maimakon bin komit ɗaya ɗaya, danna dama a fayil ka zaɓi Blame, zai jero layukan duka kowanne da komit na ƙarshe da ya taɓa shi a gefensa. Sunan ne ba na so, ma'anarsa ɗora laifi, kuma a irin wurinmu zai iya haɗa faɗa a banza. Sunan da yake nunawa wanda aka rubuta a saiti ne ranar da aka sa manhajar, idan ma'aji ya ari laftof ɗin ya yi gyara sunana zai fito. Kwanan watan kuma agogon kwamfutar yake bi, irin laftof ɗinmu na hannu da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, da caji ya ƙare gaba ɗaya sai ta farka a wata shekara can baya, to komit ɗin ranar da wannan kwanan zai shiga. Ka riƙa duba agogo kafin ka fara aiki, kuma idan wani ne ya kawo gyara ka rubuta muƙaminsa a bayani. Manhajar tana da gaskiya kan abin da ya canza, amma kan wanda ya zauna a gaban kibod ba shaida ba ce, kada ka kai ta gaban mai unguwa a matsayin haka.

Gyaran ba sai ka fita ba. Idan ɓangaren dama Working Tree ne, ka danna dama a kan layin da ke hagu ka zaɓi Use this text block, layin zai koma dama yadda yake da, ka yi sebin da Ctrl da S sannan ka yi sabon komit ka rubuta dalili. Ka kula da na kusa da shi, Use this whole file, wannan fayil ɗin gaba ɗaya yake mayarwa tsoho, duk gyaran kirki na tsakani ya tafi da shi. Idan tsohon jerin kake so ka buga wa shugaba a takarda, a tarihi ka zaɓi komit ɗin, a kashin ƙasa danna dama kan fayil ka zaɓi Save revision to, ka ajiye shi a wata folda daban. Kuskuren da ka yi zai ci gaba da zama a tarihi, ka bar shi, shi ne zai kare ka ranar da aka sake tambaya.

Sai matsalar da za ta fi ba ka haushi, ka canza lamba ɗaya ka buɗe Diff ka ga fayil ɗin duka ya yi launi daga sama har ƙasa. Kada ka firgita, kusan kullum Excel ne. Idan ka buɗe csv da danna sau biyu, Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi sai ya cire sifirin farko, 0803 ta koma 803, haka lambar akawun da ta fara da sifiri, haka ita kanta 047 ɗin ta koma 47, kana yin sebin ya rubuta su haka. Mafi muni lambar da aka rubuta da 234 a gaba, tsawonta 13, Excel yana mayar da ita wani abu mai E+12 a ƙarshe kuma a csv haka zai ajiye, sauran lambobin sun ɓace ke nan sai dai ka dawo da su daga rumbu. Sababbin Excel sukan tambaya kafin su cire sifiri, ka ce kada ya canza. Ni dai ƙaramin gyara da Notepad nake yi, babba kuma da LibreOffice Calc don wajen buɗewa yana ba ka dama ka ce wannan ginshiƙin Text ne. Kwanan wata ma yana juya shi yadda saitin kwamfutar yake, dabarar da na samu ita ce in rubuta watan da Hausa, 4 Maris, Excel bai jin Hausa sai ya ƙyale mini abina.

Dalili na biyu jerawa. Wani ya jera sunaye bisa unguwa don sauƙin kira a taro ya yi sebin a haka, babu lambar da ta canza amma kowane layi ya bar gurbinsa, to a idon manhajar an cire an sake sawa. Doka ɗaya muka yi, kafin sebin a mayar da jeri bisa lambar memba, sabon memba kuma a ƙasa. Na uku ƙarshen layi da na ce za mu dawo kansa, Windows tana rufe kowane layi da alama biyu da ba a gani, CRLF, Linux da wayoyin Android kuma da guda ɗaya, LF, idan fayil ya je waya ya dawo zai iya canzawa. Saitin da ka bari wajen sa Git yana rage wannan, in kuma ya fito ka duba can ƙasan TortoiseGitMerge yana rubuta irin na kowane ɓangare, a saitinsa akwai Ignore line endings. Haka akwai Ignore whitespace changes don tazarar da aka ƙara bisa kuskure, amma ka mayar da shi bayan ka gama, kada ka manta shi a kunne.

Takardun Word kamar tsarin mulkin ƙungiya ko wasiƙar neman tallafi su ma ina sa su a foldar, idan ka yi musu Diff TortoiseGit yana miƙa su ga Word ɗin kansa ya kwatanta ya nuna abin da aka soke da abin da aka ƙara, sharaɗin kawai Word yana kan kwamfutar. Hoton rasit kuma akwai TortoiseGitIDiff da yake jera biyun gefe da gefe. Tsofaffin fayilolina shida ɗin nan ma ba su gagara ba, ka zaɓi biyu a folda ɗaya da Ctrl, danna dama, TortoiseGit, Diff, zai kwatanta su ko ba a rumbu suke ba, sai dai ba zai gaya maka wanne ya riga ba, shi ya sa na bara bai warwaru ba har yanzu. Wanda bai son Git gaba ɗaya WinMerge yana yin wannan aikin na fayil biyu.

Idan shugaba yana gona yana son gani, Windows da Shift da S yana yanko maka ɓangaren sikirin, ka yanko layin mutum ɗaya kawai ka tura masa shi kaɗai, kada ka jefa a gurup ɗin WhatsApp bashin maƙwabcinsa da lambar wayarsa suna leƙowa a sama da ƙasa.

Rumbun nan duk a cikin laftof ɗaya yake, ranar da ta faɗa ruwa a fadama ko janaretan mai cajin waya ya ƙona ta komai ya tafi tare. Duk Juma'a ina kwafe foldar ƙungiya ɗungurungum zuwa filas, foldar kanta daga waje ba fayilolin ciki ba, don ɓoyayyar .git ta biyo. Kada ka yi aiki kai tsaye a kan filas ɗin, yawancinsu FAT32 ko exFAT ne kuma Git na yanzu yakan ƙi su ya ce dubious ownership, in ka tashi buƙata ka kwafo foldar cikin kwamfuta tukuna. Filas ɗin kuma ba ya zuwa shagon buga takarda saboda cutar nan mai mayar da folda shotkot, na buga takarda daban ne, wannan yana gidan ma'aji a cikin gwangwanin da yake ajiye rasit.